Wane shafi ne ya bayyana wane tikiti? Yadda na bi sawun alaƙar Jira da Confluence

A kamfanin da nake wa aiki, kowane aiki gida biyu gare shi. Abin da za a yi, da wanda aka ɗora wa, da inda aka kwana, duk suna cikin Jira, kowanne da tikitinsa mai lamba irin BIYA-412. Dalilin yin aikin kuwa, da tsarin da aka amince a bi, da sakamakon gwaji, a shafukan Confluence ake rubuta su. Duka manhajojin biyu na Atlassian ne, kamfanin da Mike Cannon-Brookes da Scott Farquhar suka kafa a birnin Sidni na Ostireliya a 2002. Jira ta fito a wannan shekarar, Confluence ta biyo bayanta a 2004. Ganin uwa ɗaya uba ɗaya suke, sai mutane su ɗauka duk abin da ɗaya ta sani ɗayar ma tana sane da shi.

Shugabar sashenmu, Hajiya, ita ma haka ta ɗauka. Wani babban abokin cinikinmu ne zai turo masu bincike su duba duk canjin da muka yi wa ɓangaren biyan kuɗi a cikin shekara, kuma sharaɗinsu shi ne kowane canji a nuna musu rubutaccen bayaninsa. Ta kira ni ta ce, "Injiniya, takarda ɗaya nake so. Kowane tikiti, ga shafin da ya bayyana shi a gefensa. Wanda ba shi da shafi kuma, gara mu riga su sani." Na ce, "To, ranki ya daɗe, amma fa ba maɓalli ɗaya za a danna ta fito ba." Ta ce ai kullum tana ganin sunayen shafuka a ƙasan tikiti, ke nan bayanin yana ajiye a wani wuri, fito da shi kawai za a yi. Gaskiya ta faɗa, sai dai ba dukanta ba ce.

Tikitin dubbai ne, shafukan ma haka, ba a maganar buɗe su ɗaya bayan ɗaya a burauza. Dole sai ta API, wato ƙofar da manhaja ke buɗe wa 'yar'uwarta don ta yi tambaya ta karɓi amsa a tsare, ba tare da mutum ya zauna yana danne-danne ba. Na zaɓi in rubuta ɗan shiri da Python, wani harshen rubuta manhaja, saboda shi hannuna ya fi sabawa da shi.

Mu a kan Atlassian Cloud muke, wato zubin da Atlassian ke gudanarwa a kwamfutocinta mu kuma mu shiga ta intanet, kuma a can kalmar sirrin da kake shiga da ita ba ta buɗe wannan ƙofar. Tokin ake ƙirƙira a shafin asusu, wato wani dogon mabuɗin sirri na shiri, a haɗa shi da adireshin imel, a tura su tare da kowace tambaya. Tokin ba ya ganin komai sai abin da mai shi ke da izinin gani, kuma yanzu ba ya wuce shekara ɗaya bai mutu ba. Na roƙi mai kula da asusunmu ya buɗe mini wani asusu daban mai izinin karatu kaɗai. Shirin da zai ratsa tikiti dubbai da tsakar dare ba na so a ce yana da ikon gogewa ko gyarawa.

Matakin farko shi ne jero tikitin da ake magana a kansu. Jira tana da harshenta na bincike, JQL, kuma tambayar ba ta da wuya: duk tikitin furojet ɗin BIYA da aka kammala daga farkon shekara. Akwai wani tsohon shiri da wani abokin aiki ya bari kafin ya canza sashe, yana tambayar adireshin /rest/api/3/search. Da na kunna shi sai amsa ta dawo da lamba 410, ma'ana an rufe wannan ƙofar gaba ɗaya. Tun a 2024 Atlassian ta sanar cewa za ta sauya ta, a 2025 kuma aka koma /rest/api/3/search/jql. Sabuwar tana da halinta. Ba ta faɗa maka jimillar tikiti nawa ne. Tana ba ka kashi ɗaya tare da wata alama mai suna nextPageToken, ka mayar mata da alamar ta ba ka kashi na gaba, haka har ta ce ya ƙare. In kuma ba ka lissafa mata bayanan da kake so ba, lambobin tikiti na ciki, zallar alƙaluma, kawai za ta miƙo maka.

A cikin bayanan kowane tikiti akwai wani gurbi mai suna issuelinks, kuma nan ne duk wanda ya zo neman alaƙa zai fara leƙawa. Abin da ke ciki alaƙar tikiti da tikiti ce zalla: wannan yana jiran wancan, wannan maimaicin wancan ne. Ko shafi ɗaya na Confluence ba za ka gani a nan ba. Duk abin da ke wajen Jira, ko shafin Confluence ne ko wani adireshin intanet, a wani wuri daban ake ajiye shi, kuma ba ya biyo sakamakon bincike. Sai ka tambayi kowane tikiti shi kaɗai, ta adireshi irin /rest/api/3/issue/BIYA-412/remotelink.

Amsar da ta fara dawo mini na daɗe ina kallonta, domin ita ta nuna mini yadda aka gina abin. Akwai layin da ke cewa mahaɗin daga com.atlassian.confluence ya fito. Akwai layin da ke faɗin irin alaƙar: in an rubuta "mentioned in", to wani ne ya saka tikitin a cikin shafi, Confluence ta aiko wa Jira labari da kanta, in kuma "Wiki Page" ne, mutum ne ya buɗe tikitin ya liƙa shafin da hannunsa. Sannan ga wani layi mai suna globalId, kashi biyu a haɗe: appId, wanda ke nuna wace Confluence ce, da pageId, lambar shafin. Inda na sa ran ganin sunan shafi kuwa, a yawancinsu kalmar "Page" kawai ke wurin. Sunan da Hajiya ke gani a ƙasan tikiti, Jira tana ɗauko shi ne daga Confluence a lokacin da aka buɗe tikitin. Abin da ta ajiye a wurinta lamba ce. Daga nan na yanke shawarar cewa duk jadawalina a kan lambobi zan gina shi, suna kuma sai a ƙarshe in ɗauko don amfanin mai karatu. Sunan shafi ana iya canza shi yau da gobe, lambarsa tana nan.

Tambaya ɗaya ga kowane tikiti, tikiti dubbai, ba da jimawa ba sai amsa ta fara dawowa da 429, wato ka cika gaggawa, dakata. Tare da ita akwai layin Retry-After da ke faɗin daƙiƙa nawa za ka jira. Na sa shirin ya riƙa bin wannan umarni, shi ke nan. Abin da ya fi damuna wuta ce. Daga gida nake aiki, kuma in aka ɗauke ta, kafin a koma kan batir intanet ta yanke. Don haka duk amsar da ta iso, nan take nake zuba ta cikin ɗan rumbun SQLite a kwamfutata, in shirin ya tsaya ya ci gaba daga inda ya kwana. Wannan ya yi mini rana daga baya ta wata fuskar ma, domin duk lokacin da na canza ra'ayi a kan yadda zan tace bayanan, ba sai na sake damun Jira ba.

Na kai wa Hajiya jadawalin farko. Ta bi layin waɗanda aka ce ba su da shafi, yatsanta ya tsaya a kan ɗaya. "Wannan ni da kaina na rubuta bayaninsa." Ta buɗe shafin, ga lambar tikitin nan ɓaro-ɓaro a layi na biyu. Da hannu ta buga ta, kamar yadda za ta buga kowace kalma. Ga idon mutum alaƙa ce, ga Confluence kuwa haruffa ne kawai, ba ta aika wa Jira komai ba. Ke nan abin da Jira ta sani wani yanki ne na abin da ke akwai, sauran sai an je an karanta shafukan kansu.

Sai na juya ta ɓangaren Confluence. Adireshin /wiki/api/v2/pages yana ba da shafuka har 250 a tambaya ɗaya, kuma in ka ƙara body-format=storage zai haɗo maka da ainihin rubutun yadda aka ajiye shi, kafin a yi masa kwalliyar da ake gani a allo. Akwai wata hanyar, ta CQL, harshen binciken Confluence, inda za ka nemi lambar tikiti a cikin rubutu. Na bar ta saboda bincike ɗaya za ta ci ga kowane tikiti, sannan ba za ta gaya mini ta wace siga aka ambace shi ba, alhali sigar ce nake nema. Na dai yi amfani da tambayar macro = jira don in gwada ko adadin shafukan da na samu da makiro, wato ɗan akwatin da ake sakawa a shafi ya riƙa ɗauko bayani daga Jira, ya yi daidai da nata.

A cikin rubutun, siga huɗu na tarar ana ambaton tikiti. Ta farko makiro ne na Jira mai ɗauke da lambar tikiti ɗaya. Ita ce mai tsabta, kuma yawancin "mentioned in" daga ita suke. Ta biyu adireshin tikitin ne da wani ya kwafo daga burauza ya manna, Confluence ta mayar da shi ɗan kati. A ajiye yana fitowa da alamar data-card-appearance, kuma lambar tikitin tana ƙarshen adireshin bayan /browse/. Ta uku irin ta Hajiya ce, rubutu tsura. Ta huɗu makiro ne da ba shi da lambar tikiti ko ɗaya, tambayar JQL kawai ke cikinsa, wadda ke zana jadawalin tikiti duk lokacin da aka buɗe shafin.

Rubutu tsura da sauƙin kamawa, in ji mai kallo daga nesa: manyan haruffa, karan ɗori, lamba. Da shirin ya gama zagayen farko sai ga tikitin da suka fi kowanne farin jini a kamfaninmu: UTF-8, SHA-256, ISO-27001, har da COVID-19 daga tsofaffin sanarwar ofis. Maganinsu shi ne in ɗauko jerin sunayen furojet na gaskiya daga Jira, duk abin da farkonsa ba ya cikin jerin a watsar. Amma tsugune ba ta ƙare ba, saboda akwai tikitin da aka ɗauke daga wani furojet zuwa wani, lambarsu ta canza, tsofaffin shafuka kuma suna nan da tsohuwar lambar. Abin daɗin shi ne Jira ba ta mantawa: in ka tambaye ta tsohuwar lamba, za ta kawo maka tikitin da sabuwar lambarsa. Kuma kowane tikiti yana da wata lamba ta ciki, zallar alƙaluma, wadda ba ta canzawa ko ina aka kai shi. Da ita na riƙa haɗa tsohon suna da sabo. Sai kuma shafukan da aka manna dogon jerin saƙonnin kod a cikinsu, inda tikiti hamsin za su bayyana a akwati ɗaya. Waɗannan na ware su gefe, domin ba wanda zai ce akwatin kod ya bayyana aiki.

Siga ta huɗu ce ta fi cin lokacinmu, kuma ba don wuyar kod ba. Ɗauki shafin sanarwar fitar da sabon zubi na manhajarmu. A tsakiyarsa akwai jadawali da ke cewa a nuno duk tikitin da aka saka a wannan zubin. Mai karatu yana ganin tikiti jere reras. A rubutun da aka ajiye kuwa babu ko ɗaya, tambaya ce kawai. Ita ma Jira ba ta samun labarin tikitin da suka fito ta jadawali. In ina son sanin su, sai in ɗauki tambayar in tura wa Jira da kaina, kuma haka na yi. Sai dai amsar da zan samu ta yau ce. In an cire wani tikiti daga zubin bayan an rubuta shafin, ko an ƙara wani, jadawalin ya riga ya canza ba tare da kowa ya taɓa shafin ba. Wasu tambayoyin ma sun dogara ga wanda ke kallo, irin masu cewa a nuno tikitin da aka ɗora wa mai buɗe shafin. Asusuna na karatu ba a taɓa ɗora masa aiki ba, don haka fanko yake samu, alhali mai shafin yana ganin jadawali cike.

Na koma wurin Hajiya da wannan, domin ba hukuncin da shiri zai yanke ba ne. Na tambaye ta, "Tikitin da ya fito a jadawali kawai, ba a rubuta ko jimla ɗaya a kansa ba, mu ce yana da bayani?" Ta yi shiru, sannan ta ce, "In kai ne mai binciken, za ka karɓa?" Na ce a'a. Ta ce to a ba shi nasa gurbin, a ga cewa an ambace shi, amma kada a lissafa shi cikin masu bayani. A ganina wannan tattaunawar ta minti kaɗan ta fi duk kod ɗin da na rubuta tasiri a kan sakamakon, domin ita ta rage yawan tikitin da da za mu yi ta tinƙaho da su a banza.

Saura lungu ɗaya: cikin tikitin kansu. Mutane da yawa ba sa bin hanyar liƙa shafi, adireshinsa kawai suke mannawa a bayanin tikiti ko a sharhi, su ce "duba nan". A zubi na 3 na API ɗin Jira, bayanin tikiti ba ya zuwa a matsayin rubutu miƙaƙƙe. Yana zuwa ne da rassa, sakin layi a cikin jeri, jeri a cikin jadawali, tsarin da suke kira ADF. Adireshi kan ɓuya a wuri biyu, ko dai a matsayin alama a kan wata kalma, ko a matsayin kati mai suna inlineCard. Dole shirin ya bi kowane reshe har ƙarshensa. Sharhi kuma ƙofarsu daban, su ma kashi-kashi suke zuwa.

Adireshin shafi ɗaya yana iya zuwa da fuska da dama. Mai ɗauke da /pages/ da lamba a bayansa ba matsala, haka ma mai pageId a ƙarshe. Akwai gajeren adireshi mai /x/ da 'yan haruffa, wanda maɓallin rabawa ke bayarwa. Shi ba a ganin lamba a jikinsa, amma duk shafin da na ɗauko daga Confluence ya zo da nasa gajeren adireshin a gurbin tinyui, don haka na jera su na riƙa dubawa. Masu wuyar su ne na zamanin da muke da sabarmu ta kanmu, wato kwamfutar kamfani da Jira da Confluence ke gudana a kanta. Atlassian ta daina tallafa wa zubin Server a ranar 15 ga Fabrairu 2024, mu kuma mun yi ƙaura zuwa Cloud kafin lokacin. Tsofaffin tikiti suna cike da adireshin waccan sabar da aka kashe tuni. Masu /display/ da sunan sashe da sunan shafi, na nemo su da suna, kuma an dace da yawancinsu, ban da waɗanda aka canza wa suna daga baya. Masu lamba zalla kuwa ban yarda in dogara da su ba, saboda lambar tsohuwar saba ba lallai ta yi daidai da ta sabuwa ba, kuma haɗa tikiti da shafin da ba nasa ba ya fi barinsa fanko muni a gaban mai bincike. Na tara su a jeri na daban don mutum ya bi da ido.

Akwai kuma mahaɗan da Jira ke riƙe da su, amma in na tambayi Confluence shafin sai ta ce 404. Wannan lambar fuska biyu gare ta: ko shafin babu shi, ko yana nan amma ba a yarda ka gan shi ba. Da gangan aka yi haka, don kada wanda ba shi da izini ya gane ma cewa akwai abin. Mai kula da asusunmu ya ce ya ba ni tokin mai ganin komai in huta. Na ƙi, domin takardar hannu da yawa za ta ratsa har ta fita waje, kuma sunan shafi kaɗai yana iya tona abin da aka rufe, balle shafukan ma'aikata da na kwangila. Na tura masa lambobin kawai, shi ya duba ya gaya mini wanne aka goge, wanne aka kulle. Waɗanda ke cikin ma'ajiyar tsofaffin shafuka kuwa suna zuwa da alamar archived, na bar su a lissafi tare da nuna halin da suke ciki.

Da na haɗa komai wuri ɗaya, na jera tikitin bisa yawan shafukan da suka ambace su, don in ga waɗanda suka fi samun kulawa. Wanda ya zo na ɗaya wani tikiti ne na gyaran yadda ake mayar wa mutum kuɗinsa in ciniki ya faɗi. Shafuka rututu, duk da makiro mai tsabta, duk Jira ta san da su. Na buɗe na farko: rahoton taron mako ne, a gaban lambar tikitin an rubuta "har yanzu ba a rubuta bayaninsa ba." Na buɗe na biyu, taron mako mai bi masa, jimlar ita ce dai. Haka na yi ta buɗewa har na ƙarshe. Tikitin da lissafi ya nuna ya fi kowa bayani, shi ne wanda aka shafe watanni ana ƙorafin ba shi da shi. Na tura wa Hajiya hoton allon ba tare da na ce komai ba. Amsarta ita ce, "Innalillahi. Cire min duk rahoton taro."

Cire su bai yi wuya ba, tunda kowane shafi yana zuwa da lambar shafin da yake ƙarƙashinsa, rahotannin taro kuma duk a ƙarƙashin uwa ɗaya suke a kowane sashe. Amma abin ya nuna mana cewa ko ambato mai tsabta ba hujja ba ne. Daga nan muka raba alaƙa mataki-mataki. Mafi ƙarfi ita ce wadda mutum ya liƙa da hannunsa daga cikin tikiti, domin ya yi niyya. Sai ambato a shafin da ke sashen tsare-tsare ko na gwaji. Sai ambato a ko'ina. Sai fitowa a jadawali. Biyun farko kaɗai muka lissafa, su ma sai da shugabannin ƙungiyoyi suka bi nasu layi-layi suka sa hannu. Wannan bin ya ɗauki lokaci fiye da rubuta shirin, kuma an yi gunaguni, amma ban ga yadda za a kauce masa ba.

Waɗanda aka tabbatar, sai muka ga bai kamata su tsaya a takardata kaɗai ba, gara Jira ma ta san da su. Adireshin remotelink ɗin nan da na yi ta karantawa, ana iya rubutawa ta cikinsa. Don wannan aka ba ni wani tokin daban mai izinin liƙa mahaɗi, na rana ɗaya. Abin da ya kwantar mini da hankali shi ne yadda globalId ke aiki: in ka tura mahaɗi da globalId ɗin da tikitin ya riga ya mallaka, Jira sabunta na da take yi, ba ta ƙara na biyu. Ke nan ko wuta ta yanke a tsakiya na sake kunnawa, ba za a wayi gari da mahaɗai bibbiyu ba. Na kwafi appId daga ɗaya daga cikin mahaɗan da Confluence ta ƙirƙira da kanta, na bi sigarsu sak, na fara gwadawa a furojet ɗin gwaji. Da na buɗe tikitin na ga ainihin sunan shafin ya fito a ƙasa kamar sauran, sai na sake shi a kan na gaske.

A nan ne wani aikin JQL da ban cika ganin ana amfani da shi ba ya yi amfani, mai dogon suna issuesWithRemoteLinksByGlobalId. Kana ba shi globalId na shafi, daga ɗaya har zuwa 100, ya kawo maka duk tikitin da ke liƙe da su. Tambayar da na fara da ita ce aka juya: maimakon wane shafi ne na wannan tikitin, wane tikiti ne na wannan shafin. Da shi na tantance cewa abin da na rubuta ya shiga, kuma da shi na yi wa masu rubuta tsare-tsare 'yan tambayoyin da za su riƙa dubawa da kansu a cikin Jira ba sai sun neme ni ba.

Takardar da ta je hannun masu bincike tana da gurbi na tikitin da ba su da bayani, kuma ba mu ɓoye shi ba. An rubuta wa wasu bayaninsu kafin ranar, da kwanan watan da aka rubuta a fili, wasu kuma aka bar su yadda suke tare da sunan ƙungiyar da za ta cike. Tikitin mayar da kuɗi yana cikin na farko.

Shirin yanzu kowane dare yake gudana a wata sabar kamfani, ba a kwamfutata ba. Ba ya sake ratsa komai daga farko. Yana tambayar Jira tikitin da aka taɓa tun jiya, ya tambayi Confluence shafukan da aka gyara tun jiya, ya sabunta rumbun. Duk ranar Litinin yana aika wa kowane shugaban ƙungiya jerin tikitin da aka rufe a makon ba tare da shafi ba. Jerin adireshin tsohuwar saba har yanzu ba a gama bin sa ba, wata abokiyar aikinmu ce ke rage shi in ta samu sarari, kuma ranar da tokin zai mutu tana rubuce a kalandar mutum uku.